Jirgin Kaka Jusab

Kaka Jusab ya gaji hasumiyar fitilar garinmu daga ubansa, amma bai gaji tekun ba. Tun yana goye teku ta fara ja da baya, ta bar mana fili fetal na gishiri, sai ka yi tafiyar wuni kafin ka jiƙa ƙafa. Hukuma ta manta da hasumiyar, shi kuwa ko kusa. Kullum da la'asar sakaliya zai hau, ya goge gilashi da tsohon rawaninsa, ya kunna wuta, yana haska wa jakunan jeji hanya.

Ni Hurbai, maƙwabciyarsa, ni ke kai masa gurasar gero da nono, kuma bakina ya gaji da gaya masa aikin baban giwa yake. Sai ya ce jirgin ruwa ba ya aiko ɗan saƙo kafin ya zo.

Da gwiwa ta fara gaza masa, ranar nan na tarar da shi yana hawaye. Wai zai mutu bai taɓa nuna wa jirgi ko ɗaya hanya ba, me zai ce wa ubansa a lahira? Wallahi tausayi ya kama ni, duk da haushinsa da nake ji.

Na je na sami Ramju mai raƙumi. Surukinsa na da wani tsohon kwalekwale da kaji ke kwana a ciki. Muka kore kajin, muka ɗora shi kan amalanke, muka kafa sanda muka ɗaura zanen gadona don ya yi kama da jirgin ruwa. Da magariba raƙumi ya jawo jirgi ta cikin gishiri, yana tafe yana tuƙa.

Kaka ya leƙo daga sama, ya ƙwala kira. "Ku yi dama! Akwai dutse a gabanku!"

Ramju ya bushe da dariya, ya ce dutsen me a wannan fili, ya ƙara wa raƙumi bulala. Ƙaras! Ƙafar amalanke ta daki dutsen da gishiri ya binne, kwalekwale ya faɗo ya dare biyu, raƙumi ya tsinke igiya ya nufi gida.

Da ƙyar Kaka ya sauko. Ya zagaya katakon, ya duba Ramju ko ya ji ciwo, sannan ya zauna dirshan a ƙasa.

"Jirgi ɗaya tak Allah ya kawo mini, Hurbai," in ji shi, "shi ma a gabana ya nitse."

Washegari bai hau hasumiyar ba.