Ranar da Uwargida Ta Ɗauko Ni a Babur

Mun tashi da asuba, ana idar da salla, ni da uwargida. Sai da na tura babur ɗin da hannu har bakin titi sannan na tayar da shi, don in ya yi tari sau ɗaya duk unguwa ta san mun fita. Tsoho ne mai dogayen ƙafafu, irin wanda ake ba malaman gona, a gwanjo na saye shi. Da shi nake shiga gonaki, tunda gyaran injin ban-ruwa nake yi a Kura. Ku masu tare ni kuna tambayar me ya sami ƙafata, ga amsarku gaba ɗaya, na gaji da maimaitawa.

Wasu matan atamfa suke so. Tawa kuwa, hanyar da mota ba ta bi take so, ni ma haka. Da yara suka girma, wata rana a cikin gonaki ta ce in koya mata tuƙi, na koya mata. Sharaɗinmu ɗaya ne: sai inda babu ido. Da mun hango mutum sai ta sauka ta koma baya. Kun san bakin mutanenmu. Ko 'ya'yanmu ba su sani ba.

Muka bi kwalta zuwa Kadawa. Na sha mai a wurin 'yan bumburutu, sun ƙara kuɗi kuma, ga shi yana warin kalanzir. Kasuwar tumatir ta riga ta cika, manyan motoci sun yi layi za su Kudu, amma fuskokin manoma babu daɗi. Kaya ya yi yawa, har kuɗin kwando fanko ya kusa kamo na tumatirin da ke cikinsa. A gefen titi mata suna ta yankawa suna shanyawa, ƙasa ta yi jawur. Muka sha koko da ƙosai a tsaye. Ƙosan mai ne zalla, amma yunwa ba ta zaɓe.

Daga nan muka saki kwalta muka hau gefen babbar kanal, muka nufi wajen Bunkure. Alkama ta fara ja, albasa ta yi kai, balbelu suna bin duk inda ruwa ya jiƙa. Da gidaje suka ɓace na tsaya na matsa baya. Dama da wando a ƙarƙashin zaninta. Ta tattare hijabi ta cusa a ƙugu don kada ya shiga sarƙa, ta karɓi kan babur. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: a yashi ta fi ni. Ni faɗa nake yi da shi, ita lallaɓa shi take yi. Muka ratsa wata siririyar hanya tsakanin gonaki, lafiyayya, ko rami ɗaya babu.

Da rana ta take muka sauka kusa da wata ruga. Wata Bafulatana ta dama mana fura da nono mai kauri, ba ruwan da ake sayar mana a gari ba. Muka yi azahar a gindin mangwaro, na ɗan miƙe baya. Uwargida ta ce in na gaji in bari ta kai mu, tunda tsufa ya zo.

Da za mu juyo manoma sun fito, don haka ni na karɓi tuƙi. Muka koma ta siririyar hanyar nan, na murɗa totur don in nuna mata tsufan bai zo ba. Ashe ranar layin ruwan wannan ɓangaren ce. In an buɗe ƙofar ruwa, wanda gonarsa ke tsallaken hanya yakan yanka hanyar da fartanya ruwa ya wuce, ya shimfiɗa kara a kai saboda masu tafiyar ƙasa, da yamma ya cike. Ni da nake ci da ban-ruwa na san wannan sarai. Na ga karan, na ce ai da safe mun bi nan.

Tayar gaba ta nutse. Uwargida ta tashi sama ta faɗa cikin fangalin albasa, ta miƙe duk laka amma ko ƙwarzane babu. Ni kuwa babur ya danne mini ƙafar hagu, wadda ake sa giya da ita. Da uwargida ta janye shi na ga sawun ya karkace, yana kumbura ina kallo.

Mai gonar, wani dattijo, ya taho da fartanya a kafaɗa yana salati.

"Sannu Malam! Ba ka ga kara ba?"

"Na ga kara, Baba. Rami ne ban gani ba."

"Ai karan shi ne ramin."

Ya ce akwai mai ɗori a wani ƙauye kafin Bunkure, amma a hanzarta kafin kumburi ya rufe ƙashin. Shi ko keke bai iya ba, jakinsa kuma yana gida. Hanyar ɗaya ce, ta tsakiyar kasuwa ta bi, kuma ranar take ci. Ina zaune a laka ina tunanin mai gyaran injin da ba ya iya tsugunawa, me zai ci?

Sai na ga uwargida tana cusa hijabi a ƙugu.

"Malam, hau."

"Ke, ta kasuwa fa za a bi."

"Ƙafarka ko bakin mutane, zaɓi ɗaya."

Bugu ɗaya ta yi wa babur ya tashi. Dattijon ya saki baki, sannan ya tuna ya tallafe ni na hau baya.

Hanyar nan na san kowane raminta, amma ban taɓa jin su a ƙashina ba sai ranar. Ta bi da ni a hankali, ta kauce wa wannan, ta lallaɓa wancan. Da muka shiga kasuwa na ja hula na rufe ido. Mahauci ya tsaya da wuƙa a sama. Wani mai rake ya ɗaga murya: "Hajiya, nawa ne zuwa Kura?" Ba ta ko waiwaya ba ta ce, "Na yi lodi, sai na dawo!" Kasuwa ta kwashe da dariya. Ni ne lodin.

Mai ɗori ya lalluba ƙafar, ya yi bisimilla, ya ja. Na kira sunan uwata da ta daɗe da rasuwa. Ya ce gocewa ce, ba karaya ba, amma da na kwana da ita da wani zancen ake yi. Yana ɗaure karare ya tambayi wa ya kawo ni. Na nuna ta. Ya dube ta, ya dubi babur, ya ce, "To ka riƙe direbarka da kyau."

Mun iso bakin unguwa gab da magariba, mutane duk suna waje. Ta tsaya ta ce ko ta kashe a tura. Na ce, "Wa zai tura? Wuce har ƙofar gida." Maƙwabcina yana alwala, ya tsaya da buta a hannu ya ce, "Ashe haka?" Na ce, "Haka." Ya ci gaba da alwalarsa. An yi surutu, wasu har yanzu suna yi, amma surutu bai hana ni barci ba kamar yadda ƙafar ta hana.

Abin da na koyo ba shi da yawa. In ka ga kara a shimfiɗe kan hanya ranar ruwa, ka sauka ka duba, ko da safe ka bi ta wurin. Sannan abin da na yi shekaru ina ɓoyewa, shi ya dawo da ni gida da ƙafata. Alhamdu lillahi, na fara takawa. Babur kuma na daina tura shi da asuba, yanzu a ƙofar gida ake tayar da shi.