Sannu-Sannu, Direban Da Ke Tambayar Wa Zai Shiga Gari

Ni na fara ganin ko wane ne mutumin nan. Yanzu da ya ajiye makullin mota saboda ido ya yi rauni, kowa ya zama masaninsa, har waɗanda ba su san launin motar ba. Ban taɓa zama a aji ba, amma ido na karanta mutum, kuma na karanta shi tun yana saukowa daga mota.

Sannu-Sannu ake ce masa a gareji, don ba a taɓa ganin ya yi gaggawa ba. Direban wata ƙaramar rumfar gawayi ne, ta wata baiwar Allah mai sayar wa maƙera, teloli da masu abinci. Da sassafe zai duba mai da ruwa, ya bubbuga tayoyi da ƙafa, sannan ya ɗauki tsumma ya goge kujerar gefensa kamar zai ɗauko baƙon kirki. Ba ya ɗora ko buhu a kanta. Idan ya isa daji wurin masu ƙona gawayi, sai ya kashe mota, ya bi leburori ɗaya-ɗaya da musabaha, ya ce, "Akwai kujera a gaba. Wa zai shiga gari?"

Abokan aikinsa dariya suke masa. Ba su gane ba: ba amsa yake saurare ba, ido yake kallo. Mai 'yancin kansa zai ce, "Kai Baba, sai wani jiƙon," ko ya yi tsalle ya shige. Wanda aka tsare kuwa, kafin ya buɗe baki sai ya waiwayi shugaban leburori.

Mu aka tsare. An kwaso mu da sunan aikin gona, muna isa daji aka karɓe wayoyinmu da takalmanmu, aka sa mu ƙona gawayi, ana kulle mu a ɗakin kwano ta waje. Samari majiya ƙarfi sun yi ta faɗuwa, ni tsoho ko gezau, don ba a yi hayaƙin da zai kayar da ni ba. Gawayinmu ya fi na kowa araha, shi ya sa aka turo Sannu-Sannu ya gwada lodin farko.

Ya yi tambayarsa. Kawunan 'yan uwana suka juya gaba ɗaya wajen shugaba. Ni kaɗai na kalli direban, na ga fuskarsa ta canza.

Shugaba ya ce, "Dattijo, lodi ka zo yi ko neman fasinja?"

"Duka biyu, ɗana. Mutanenka ba takalmi a kan garwashi?"

"Sun saba."

"To. Na ce wa zai shiga gari?"

Na ce, "Ni." Na rantse muryata ko rawa ba ta yi ba.

Shugaba ya ɗauko adda ya tako. A nan na ga abin da har yau in na tuna tsigar jikina ke tashi. Sannu-Sannu bai ɗaga murya ba. Ya zo ya tsaya tsakaninmu, ya juya wa addar baya, ya buɗe mini ƙofa, ya ce, "Yaya, shiga, a hankali da matakin." Sannan ya waiwaya ya ce, "Ɗana, duk gareji an san inda na zo yau. Idan na daɗe, biyo ni za a yi." Ya tada mota, ya fita sannu-sannu yadda ya saba, ba buhu ko ɗaya a baya.

Muna isa rumfa, masu saye sun yi layi da buhunansu. Uwar ɗakinsa ta leƙa bayan mota ta dafe ƙirji. "Sannu-Sannu, kashe ni za ka yi? Ina gawayin?"

Ya ce, "Hajiya, gawayin na can. Ga wanda ya ƙona shi, ki tambaye shi da bakinki."

Ta dubi ƙafafuna, ta zauna. Ta sallami masu saye, wasu suka koma wata rumfa har yau ba su dawo ba. Washegari shi ya ja jami'an hukuma har ƙofar ɗakin kwanon nan, ni a gaba ina nuna hanya. Aka buɗe ɗakin aka fito da su. A bayan mota, inda ake jera buhuna, nan 'yan uwana suka tsaya cunkus, wasu na kuka, wasu na riƙe da ƙarfen mota kamar za a ƙwace musu.

Tun daga ranar, duk sabon mai kawo kaya sai Sannu-Sannu ya je ya gani kafin rumfar ta karɓi buhu ɗaya. Mai burodin layinsu da mai katako suka riƙa roƙonsa ya leƙa musu wuraren da su ma suke sayo kaya.

Sannu-Sannu, kai ne ka ƙi ɗaukar kaya ka ɗauki mutum. Kai ne ka kira ni Yaya ranar da ba ni da ko takalmi. Na gode, iyalina sun gode, Allah Ya haskaka maka idanun nan.

Ku kuma masu shaguna da direbobi, in kaya ya yi muku arahar da ba ku saba gani ba, ku taka ku je, ku tambayi masu aikin da bakinku, ku kalli inda idonsu ke zuwa.

Wanda ya ce na ƙara gishiri, ya zo ya same ni. Zan kai shi gidajen mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, ya maimaita maganarsa a gaban matansu. Idan ya fito da hularsa a ka, ni maƙaryaci ne.