Injin Taliyar Inna

A shekarata ta huɗu a Doha na samu na kawo Inna hutun ƙaramar Sallah. Maigidana a wurin aiki, wani babban injiniya mutumin Kaduna, ya ce lallai sai ya kai mu cin abincin rana a gidan abincin Italiyawa, cikin wani otal a West Bay. Ɗan manyan mutane ne, kuma ƙanwarsa nake nema da aure. Ya taɓa tambayata sana'ar mahaifiyata, na ce masa 'yar kasuwa ce. Gaskiyar magana, taliya take murzawa a Fagge, ta shanya a igiya, ta dafa ta sayar da manja da yaji. Da wannan taliyar na yi karatu, amma kunyar faɗa nake ji.

Kafin mu fita na ce mata, "Inna, don Allah in mun je, a ci kawai." Ta dube ni, ta ɗauki mayafinta. A mota maigidan ya gaishe ta, ya ce, "Hajiya, ya kasuwa? An ce ke babbar 'yar kasuwa ce." Ta ce, "Alhamdulillahi."

Aka kawo burodi mai zafi da man zaitun, sannan taliya mai faɗi da miyar tumatir da cuku. Wallahi ta yi daɗi, har na fara sakin jiki. Inna ta kai loma ɗaya, ta tauna, ta ajiye cokali.

"Wannan ba ta nuna ba."

Na ce, "Haka suke cinta, Inna."

"Su wa? Da gari a tsakiya?"

Kafin in rufe baki ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ɗauki farantinta ta nufi wurin girki. Innalillahi! Na bi ta da sauri, maigidan yana bayana.

Wurin girkin a buɗe yake, kanta ce kawai tsakaninsa da masu cin abinci. Wani dattijon Ba'italiye yana tsaye da farar hula, gabansa ɗan inji mai mariƙi an ɗaure shi a bakin tebur, ga taliya an rataye a sanduna tana shan iska. Inna ta tsaya cak.

"La'ilaha illallahu! Kai, ai injina ne! Har nan ya zo?"

Da ƙarfi ta faɗa, da Hausa, a kunnen maigidana. Na ji kamar in nutse a ƙasa. Ta ajiye farantin, ta nuna famfo, dattijon ya matsa mata. Ta wanke hannu, ta mintsini kwaɓin taliyar da ke kan teburin, ta shinshina. "Au, har da ƙwai? 'Yan gata!" Ta barbaɗa fulawa, ta saka kwaɓin, ta kama mariƙin. Ko kallon injin ba ta yi, taliya na zubowa a hannunta na hagu. Dattijon ya saki baki. Ya ce min da Turanci a ƙasarsu ake ƙera injin, irinsa kakarsa take da shi. Da na fassara mata, ta riƙe haɓa. "Ashe na Turawa ne? Ni na ɗauka a Sabon Gari ake yinsa!"

Sai ya tambaye ni mece ce sana'arta, don wannan hannun ba na ɗan koyo ba ne. Ban fassara mata ba.

Inna ta ce, "Me ya ce?"

Na gaya mata. Ta dube ni, ta dubi maigidan, ta saki mariƙin a hankali, ta goge fulawar hannunta a mayafi.

"Ce masa 'yar kasuwa ce."

Tun da nake ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ashe tun a mota ta gane abin da na yi, kuma ga ta tana rufa min asiri. Na ce wa dattijon da Turanci, na maimaita da Hausa don ta ji, maigidan ma ya ji: "Taliya take murzawa, shekara ashirin. Da ita na yi karatu."

Ba ta kalle ni ba. Ta sake kama mariƙin, ta share ido da gefen mayafi, fulawa ta ɓata mata kumatu.

"To ka ƙara masa da cewa tasa ba ta nuna ba."