Takarkaran Gwaggo

Shekarar da gwaggona ta fita takaba, ni ma aurena na fari ya mutu, na dawo gida Gure ina zawarci. Masu lissafin Nasara sun ce wajen alif ɗari tara da talatin da wani abu ne. Ni abin da na riƙe, lokacin in ka ji ƙarar mota, to kumandan ne, Baturen mulki, zai wuce.

Gwaggo ƙanwar babana ce, gajera, ga baki kamar barkono. Mijinta falke ne, kanwa yake kaiwa Damagaram. Ya rasu ya bar mata yara ƙanana biyu da takarkarai biyu, baƙi da ja. Ko kwana uku ba ta yi da wanke takaba ba, sai ga ƙanen mijin ya zo zai tafi da shanun zuwa garkensa, wai ya riƙe wa marayu. Kowa ya san irin riƙonsa. Akuyar uwarsa ma da ya riƙe, fatarta kaɗai aka gani.

Gwaggo ta ce, "Shanun nan abincin 'ya'yana suke nema. Ni zan bi ayari da su."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Matar yaya, ke? To na ji. In ayari ya bar ki a hanya kika dawo, ranar zan kama su, kuma kada ki kai ni gaban kowa."

Ta ce ta yarda, a gaban babana da liman. Da ya fita na gan shi ya tsaya yana yankar kaba, wai zai tufka igiyar da zai ja su da ita. Wallahi sai da na ji kamar in jefe shi da muciya.

Ga inda wahalar take. Ba a ɗora wa takarkari kaya mutum ɗaya. Taiki biyu ne, manyan buhunan fata, cike da kanwa, an haɗa su da igiya, mutum biyu su tsaya ɗaya dama ɗaya hagu, su ɗaga tare su aza a bayan sa. Shi ya sa kowane falke yana da abokin ɗauka. Madugun ayarin, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya gaya wa gwaggo gaskiya: bai hana ta bi ba, amma ba namijin da zai tsaya mata, kuma in rana ta fito ayari ba ya jiran kowa. Sai ta juyo ta dube ni.

"Ke ɗiyata, zaman me kike yi? Jiran wani sakaran ya zo ya kwashe ki?"

Haka na zama abokiyar ɗaukarta. Muka gwada a bayan gida. Kai! Taikin ko gwiwata bai wuce ba. Muka sake, ya suɓuce ya kusa karya min yatsa. Na zauna a ƙasa na ce mata mu haƙura. Ba ta ko kula ni ba. Tana tsaye tana kallon baƙin sa, wanda ya gangara cikin wani kwari yana kiwo, bayansa daidai da inda muke tsaye. Can sai ta ce in ɗauko ƙwarya da hauya.

Ƙasar Gure rairayi ce, yaro ma ya tona ta da hannu. Muka haƙa rami mai gangare, muka ja sa ya shiga har ƙasa ta kai masa ciki. Muka jawo taikunan bakin ramin, muka ɗan ɗaga muka tura. Suka hau! Gwaggo ta rangaɗa guɗa ita kaɗai, maƙwabta suka leƙo suna tambaya wa ya haihu.

Muka bar yaran wurin innata, muka kama hanya. Duk zangon da aka sauka, maza su kwanta su miƙe ƙafa, mu kuwa mu kama haƙa kafin mu ɗora tukunya. Suka sa mana suna masu binne sa da rai. Gwaggo ta ce musu, "Ku bari in na gama da shi, sai in auna tsawonku." Kullum da safe kafin su gama ɗaure nasu, namu shanun sun fito rami suna jira. Na fara jin daɗin tafiyar, gaskiya. Ban taɓa sanin duniya tana da faɗi haka ba.

Bayan mun wuce Gidigir muka sauka kusa da rijiyar wani ƙauye da ban san sunansa ba. Na sara hauya, ta yi tsalle ta dawo min. Fako ne, laka busasshiya mai tauri. Muka bi wurin duka muna gwadawa, ko'ina haka. Gwaggo ta ce mu bari sai safe, amma na ga ko tuwon kirki ba ta ci ba.

Da gari ya waye muka sake sara har tafina ya fashe. Muka gwada ɗagawa da ƙarfin tsiya, taiki ya faɗo, jan sa ya tsorata ya ja baya. Rana ta fito. Madugu ya dubi gabas, ya dube mu, ya daɗe yana gyara rawani, sannan ya ce a tashi. Ban ga laifinsa ba, haka tsarin yake. Amma da na ga ayari yana tafiya yana ƙanƙancewa, sai na tuna igiyar can da ake tufkawa a Gure, na fashe da kuka.

Gwaggo ta ce, "Rufe min baki." Ta gyara ɗamara ta nufi rijiya.

Matan ƙauyen ne cike a wurin da tulunansu, tun ɗazu suna kallonmu. Ta yi sallama ta ce, "Bayin Allah, maza sun ce ba za su taɓa kayan mace ba. Ku fa? Marayu gare ni a gida, in shanun nan suka koma haka an raba su da su."

Wata tsohuwa mai haƙori ɗaya ta ajiye guga. Ta ce, "Mu da muke ɗaga turmi kullum? Ku taso, ku 'yan banza, kallon me kuke yi?"

Ai kafin in share hawaye sun kewaye sa. Wasu dama, wasu hagu, ɗaya ta riƙe igiyar hanci tana yi masa magana. Tsohuwar ta ba da murya, taikunan suka tashi kamar na auduga. Aka yi wa jan ma haka, ana dariya ana tsiya, wata har da goyo a bayanta. Gwaggo ta kwance bakin taiki ta bi su ɗaya ɗaya tana ba kowa dunƙulen kanwa. Tsohuwar ta lasa ta ce, "Wannan ta miya ce mai kyau. In kin dawo ki shigo cikin gida, mu ba ma samun zuwa kasuwar maza."

Muka kora shanu har da gudu. Hantsi ya yi sosai muka cim ma ayari. Madugu ya waiga, sai ya matsar da jakinsa ya ba mu wuri a tsakiya, inda ake sa waɗanda ba a so a rasa.

Maganar tsohuwar nan ita ta zama kasuwar gwaggo. Fatake maza a bakin kasuwa suke tsayawa. Ita kuwa gida gida take shiga, a Damagaram da duk ƙauyukan hanya, ta sayar wa mata kanwa kaɗan kaɗan, ta karɓi abin da suke da shi, zare ko daddawa ko busasshiyar kuɓewa. Daga baya har shanu da yawa ta yi, mata suka riƙa bin ta da jakunansu. Ni ma a hannunta na koya, da kanwa na aurar da 'ya'yana. Amma wannan duk daga baya ne.

Ranar da muka dawo Gure daga tafiyar farko, da la'asar, ƙanen mijin yana zaune a ƙofar gida. An ce kullum nan yake wuni. Igiyar tana kan cinyarsa, sabuwa fil, ya tufka ta da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ga ayari, ya ga shanu da lodin hatsi, ya ga gwaggo a gaba ta yi baƙi ta rame, sai ya miƙe ya rasa inda zai ɓoye hannunsa. Yaran suka fito da gudu suka rungume ƙafafunta.

Ta miƙa masa hannu ta ce, "Kawo. Allah ya yi maka albarka, dama tamu ta kusa tsinkewa."

Ya ba ta. Ta kwance tsohuwar igiyar daga hancin baƙin sa, ta ɗaura sabuwar, ta miƙa wa babban ɗanta ta ce ya ja san ubansa cikin gida.