Yaya Nu'uman, Wanda Ya Kai Ni Awon Jini da Dabara

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Maris, 2017, bayan sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran yayana Malam Nu'uman mai wankin hula, a rumfarsa da ke kusa da rijiyar Kusugu, nan cikin Daura. Ya dafe ƙirji, ya yi kalmar shahada, shi ke nan. Shekarunsa hamsin da takwas.

Yaya, mahaifiyarka da tawa ciki ɗaya suka fito, kuma ta wajensu muka gaji ciwon nan na rashin tsayawar jini. Kawunmu a hannun wanzami ya rasu, wajen kaciya. Shi ya sa aka raine mu ba aska, ba wuƙa, ba ƙwallo. Ko wankin hular ma, don babu abu mai kaifi a cikinsa aka zaɓa maka. Kowa ya ɗauka wata rana jini ne zai ƙare mana. Da aka gama yi maka sutura na duba likkafanin, fari fat, ko ɗigo babu. Allah Ya gafarta mini, a cikin kukan har ajiyar zuciya na yi.

Ni ban gaji gona ba, ban gaji shago ba, karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya. Abin da na zama a harkar hatsi, Allah ne sai gumina, kuma ba na ɓoyewa. Amma ranar da zan fara shiga kasuwar garin Babban Mutum da sunan mai saye, kai ka cire hular kanka ka ɗora mini, don kada dillalai su raina ni.

Akwai kuskuren da muka daɗe muna yi, ni da kai. In mutane sun je ƙaho a cire musu mataccen jini, sai mu yi dariya, mu ce mu namu kyauta Allah Ya yi mana. Jinin da ke fita da kansa, yaushe zai taru har ya hau? Yaushe zai toshe jijiya? Haka nake narkar tsire da man shanu, in haɓo ya zo in ce jiki ne ke wanke kansa.

Shekara biyu da suka wuce ƙirji ya fara kama ka. Likita a Katsina ya ce hawan jini da kitsen jijiya suna kama mu kamar kowa, ga shi asfirin da ake ba wasu saboda zuciya, mu haɗari ne a gare mu. Ya ce naka ya riga ya yi nisa. Ka dawo ka ce in je a auna ni, na ce lafiyata ƙalau. Sau uku kana yi mini magana, a na ukun har murya na ɗaga maka a gaban abokan ciniki.

Sai ka ce motar haya na wahalar da gwiwoyinka, in kai ka asibiti da tawa. Muna shiga ɗakin awo ka kama hannuna ka miƙa wa nas.

"'Yar nan, fara da wannan Alhajin. Wai shi ya fi ƙarfin ciwo."

"Haba Yaya, ni fa direba na zo."

"To a auna direban, kada ya zubar da ni a hanya."

Ta auna, ta sake aunawa, ta kira likita. Ya ce da irin wannan hawan, in jijiya ta fashe mini a kai, da wuya a tsayar da jinin. Kwana huɗu na yi a gado. Kai da ka zo ganin likita, kai ka koma mai jinya.

Tun daga nan ban fasa shan magani ba, na rage gishiri da maiƙo, na daina sayen ƙwayar ciwon kai a kemis. Bayan addu'ar bakwai na koma awo da ƙafata, ba wanda ya yi mini dabara. Likita ya ce jinin ya sauka, ya tsaya daidai. Na fito na zauna a mota, na ciro waya, sai da na lalubo lambarka na tuna ba ka duniya.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ciwon da ka ɗauka tun haihuwa ya zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka Amatullah, da 'ya'yanka Muktar da Lubna. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Ƙaninka,
Alhaji Badaru Daura