Canja Matata Kafin Damina

Wata huɗu da kwana goma akori-kurar maigidana ta yi a tsaye a ƙofar gidanmu a Trikania. Ni ina takaba a ciki, ita tana tata a waje. Ba wanda ya taɓa ta sai kajin maƙwabta da suka mai da ƙarƙashinta wurin hutawa.

Tsohuwar mota ce, ta girmi babbar 'yarmu. Da ita marigayi yake ɗauko mini gero daga wajen Rido, ni kuma in jiƙa, in kai niƙa, in tace, in yi kamu in sayar wa masu koko. Sana'ar da ta riƙe gidanmu ke nan. Shi ya koya mini tuƙi a wani fili a Romi, yana cewa wata rana ƙafarsa za ta gaji. Ba ƙafar ba ce ta fara gajiya, zuciya ce.

Cikin kwanakin takaba na sa aka kwaso mini takardun da ke akwatin gaban motar. A cikinsu na tsinci wata 'yar takarda da rubutunsa, layi uku. Tayar baya. Birki. Na ukun kuma: canja matata kafin damina.

Na karanta ya fi sau goma. Na san halin mutumin da na zauna da shi, na san ba zai rubuta ni a ƙarƙashin taya da birki ba. Amma ban san wata matata a mota ba, kuma ba ya nan balle in tambaye shi. Na naɗe takardar na sa a jakata. Ban gaya wa kowa ba. Wani lokaci ina tsakar tata sai layin ya faɗo mini a rai, in yi ta laluben laifin da na yi masa.

Da na fita takaba, yayansa Alhaji ya zo kan maganar gado. Mutumin kirki ne, amma ba ya son jan magana. Ya ce 'yan gwangwan sun taya motar, za su yanka ta su auna ƙarfen.

Na ce, "Yaya, a bar mana ita a kasonmu ni da yara. Da ita muke ci."

Ya ce, "Wannan? Sai dai ita ta ci ku. To shi ke nan, ran Asabar zan dawo. In ta kai mu Rido ta dawo da buhu a bayanta da ƙafarta, taku ce. In sai an tura ta, kada ki ga laifina."

Washegari na sa aka yi cajin batir, na zuba mai, na yi bismillah. Ta tashi. Har na fara murna. Ban kai bakin titi ba ta fara shaƙewa kamar mai tari, ta yi fizga biyu ta mutu. Na jira kaɗan, ta sake tashi, ta sake mutuwa. Haka muka yi ta yi har na dawo da ita gida ina gumi.

A bayan layinmu akwai wani dattijo makanike, mutumin kudancin jihar nan, wanda kowa ke kira Baba. Ya daina aiki saboda hannunsa na rawa. Shi da marigayi sun yi shekaru suna gardamar ƙwallo a kan benci ɗaya. Ran rasuwa daga coci ya wuto gidanmu, bai ko cire kwat ba. Na je na gaya masa.

Ya buɗe bonet, ya bi wani siririn tiyo da yatsa har ya tsaya kan wani ɗan abu kamar ƙaramin kofi, ya yi baƙi ƙirin.

"Maman yara, kin ga mai laifin. Filta ce. Mota ta daɗe a tsaye, tanki ya yi tsatsa, duk dattin ya taru a nan. Mai ba ya isa kafireto. Abokina ya sani fa, tun bara nake ce masa ya canja. Shi da ba ya son Turanci, wai matata yake ce mata."

Sai layin nan na uku ya faɗo mini. Na buɗe jaka na miƙa masa takardar. Ya nisanta ta da idonsa ya karanta, ya dube ni, ya sake karantawa.

"Kada dai ki ce mini..."

Na gyaɗa kai. Baba ya dafa motar ya yi ta dariya har da tari. "Wayyo abokina! Ka tafi ka bar rigima a takarda. Shi da ko shayi ba ya sha sai naki, shi zai canja ki? Wa zai karɓe shi?"

Ni ma na yi dariya, ta farko tun ranar da aka fita da shi. Daga baya ta juye ta zama wani abu, Baba ya juya ya yi kamar yana duba batir har na gama.

Na tambaye shi ko in wanke ta da sabulu in shanya, yadda nake yi wa ƙyallen tatar kamu. Ya ce a'a, takarda ce a ciki, in ta sha ruwa sai ta narke ta bi mai ta toshe kafireto. Wannan matatar ba a wanke ta, sabuwa ake sawa. Ya yanko ɗan guntun tsohon tiyon ya ba ni.

"Ki je Kakuri da wannan. Bakin filta ya shiga cikinsa daidai, ba sako-sako ba. Ki sayi ta roba wadda ake ganin cikinta. Za su nuna miki ta ƙarfe, kada ki yarda, ta motocin zamani ce masu famfo mai ƙarfi. Famfon wannan tsohuwa ba zai iya jan mai ta cikinta ba. Ki hura da baki, in iska ta wuce ba wahala, ita ce. Ki haɗo da sabon tiyo na fetur da kilif huɗu na ɗaure bakin tiyo."

Kamar yana wurin. Mai shagon ya ɗauko wata ta ƙarfe mai sheƙi ya ce, "Hajiya, wannan ce orijina." Na ce a ba ni ta roba. Ya kawo guda uku. Na gwada guntun tiyona a bakin kowacce, ɗaya ta yi ƙanƙanta, biyu suka shiga. Na ɗaga su a rana, na zaɓi wadda takardar cikinta ta fi yawan ninki, don na san a tata yawan ƙyalle ke hana saurin toshewa. Na goge bakinta da gefen mayafi na hura. Mai shagon ya ce, "Ashe Hajiya makanike ce." Na ce, "A'a, mai tata ce."

Ran Juma'a da hantsi muka yi aikin. Baba ya ce sai na kashe murhun tsakar gida tukuna, na kashe. Ya zauna a kujera, ya ce bakinsa ne zai yi aiki, hannu nawa ne. Na cire kan batir. Na sa tsohon kwano a ƙasa, na kwance kilif da sukundireba, na zare tsohuwar filtar. Man da ya zubo ja ne kamar ruwan kwata. Tiyon ya bushe ya tsattsage, na sa sabo a madadinsa. Baba ya nuna mini inda za ta zauna, kafin famfon mai, nesa da zafin salansa, inda ba za ta riƙa gogar ƙarfe ba.

Na kusa cusa ta sai ya ɗaga murya. "Tsaya! Dubi kibiyar da ke jikinta. Ina ta nufa?"

"Baya, wajen tanki."

"To baya za ki? Juya ta. Kibiya tana bin mai ne, daga tanki zuwa inji."

Na juya ta, na ɗaure kilif ɗin, ba da ƙarfin da zai fasa robar ba. Na mayar da kan batir. Baba ya shiga ya murza makulli, ni na tsaya ina kallo. Sau uku injin yana juyi a banza. A na huɗu na ga mai ya ɓullo cikin 'yar robar, ya taru a hankali, ya ratsa takardar ya fita garau ta ɗaya gefen. Motar ta kama. Na shafa farin ƙyalle a kowace mahaɗa, ba ɗigo ko ɗaya.

Baba ya ce tankin yana da sauran tsatsa, in riƙa leƙa filtar kowace safiya, in ta yi duhu in canja, nan gaba kuma a sauke tankin a wanke. Na riga na sayo ta biyu, tana akwatin gaba.

Ran Asabar Alhaji ya zo, ya zauna a gefena yana riƙe da ƙofa. Muka kama hanya har muka hango dogayen bututun matatar mai. A wata 'yar hawa motar ta yi kamar za ta yi tari, na sauke giya, ta haye. Muka ɗora buhu huɗu na gero muka juyo. Hadari na haɗuwa ta gabas.

A ƙofar gida ya sauka, ya zagaya motar sau ɗaya, ya buga bayanta da tafin hannu.

"Allah ya ji ƙan ƙanena. Ki canja tayar bayan nan, ta sule."

Na ce, "Tana cikin lissafinsa, Yaya. Ita da birki."

Da ya tafi na ɗauko takardar, na nemo biro, na ja layi a kan na ukun. Sannan na shiga na jiƙa gero.