Malama Edileuza a Kujerar Baya

Kowace safiya Malama Edileuza takan sauko daga bas ɗin unguwar Liberdade, ta sayi kofi a bakin ƙofar jami'a, ta shige. Ofishinta ba ya rufuwa. 'Yan mata baƙar fata ne ke cika shi, wata da littafi, wata da hawaye. Bana za ta yi ritaya. Ni ɗan acaɓa ne, a sakandare na tsaya. Amma akwai abin da na gani, har yau ban gane kansa ba.

Yayata Jucimara tana shekarar ƙarshe ta ce ta gaji, za ta kama aiki a kantin takalma. A aji ko tari ba ta yi. Ta je yi wa Malama sallama.

"To, ki tafi," in ji Malama. "Amma ranar Alhamis ke za ki buɗe min ajin sababbin ɗalibai."

Ashe haka take yi. Ba ta lallashi. Sai ta bar wa yarinya allo, ita ta koma baya.

A kan babur na ce, "Yaya, matar nan ƙalau take kuwa?"

"Tuƙa, Nildo. Kai da ko hular kwanonka ba ka iya ɗaurewa."

Ranar Alhamis na laɓe a tagar ajin. Yaya na gaban allo. Yaran ba su san fuskar Malama ba tukuna. Wani ya ce, "Baiwar Allah, in kin gama sharar ki kira mana malama." Aka kwashe da dariya. Na dubi Malama. Tana can baya tana ɓare lemo. Saura kaɗan in faɗa ajin.

Sai Yaya ta ce, "Ni ce malamar. Kai, tashi ka karanta mana shafin farko." Da muryar da take kora ni wanke-wanke. Ya tashi.

Ba ta je kantin ba. Yanzu digiri na biyu take yi.

Malama, ke ce mai ba da allo ki ja da baya. Na tambaye ki dalilin shirunki, kika ce, "Da na tanka, da ajin ya dawo nawa." Na ce da Yaya ta fashe da kuka fa? Kika ce, "An taɓa yi." Iyakar abin da kika faɗa ke nan.

Ban san ko daidai ne ba. Da ni ne, ba zan iya ba. Amma yayata tana magana yanzu, har ta yi mana yawa a gida. Na gode, Malama. Sauran malamai, ku riƙa matsawa daga gaban allon nan. Akwai wadda ke jira.